Ganin Gidan Surukai a Keta

Tun da muka dawo daga Ghana ban huta ba. A coci bayan sujada, a kasuwa wurin masu doya, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: "Mama Rifkatu, yaya teku?" Wasu na amsa musu a tsaye, wasu na ce sai mun zauna, ba mu kuwa zauna ba. Daga baya matan zumuntar cocinmu suka ce in rubuta kawai, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa. To, ga shi. Wanda yake jiran labarin shan iska a bakin ruwa ya yi haƙuri. Haka muka ce wa mutane za mu je yi, amma ba shi ya kai mu ba.

Alheri ce ta kai mu, 'yar ƙanenmu marigayi Ishaku. Nas ce a Abuja. Bara ta kawo mana wani saurayi mai suna Edem, mutumin Ghana, mai aikin haɗa wutar sola. Tun da ubanta ya rasu, babban wanmu Yaya Bitrus ne uba a gare ta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya yawan magana, kuma idan ya kafe a kan abu gara ka je ka ture dutsen Kagoro.

Ranar da Edem ya zo gaisuwa Kafanchan, ni na yi musu tafinta, don Hausarsa ba ta wuce ta sayen abinci ba. Yaro mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Yaya ya tambaye shi garinsu, ya ce Keta. Ya tambaye shi coci, ya faɗa. Sai Yaya ya ce, "Gidan ubanka yana nan?"

Edem ya dubi Alheri, ya dubi ƙasa, ya ce, "Baba, sai dai ku zo ku gani."

Bayan sun tafi Yaya ya ce mini, "Rifkatu, mutumin da aka tambaye shi gidan ubansa ya dubi ƙasa, akwai magana."

Kun san al'adarmu. Ba a ba da yarinya sai an san gidan da za ta shiga. Ana tura mutum a ɓoye ya zauna da maƙwabta, ya ji ko akwai sata a gidan, ko hauka, ko mazansu masu dukan mata ne. Da Zonkwa ne ko Kwoi, achaba ya isa. Wannan kuwa sai an ƙetare ƙasa biyu kafin a shiga ta uku. Dangi suka yi ta zama ana tashi babu matsaya. Wasu suka ce a bar binciken, zamani ya canja. Yaya ya ce muddin yana numfashi ba zai miƙa 'yar Ishaku ga gidan da bai gani da idonsa ba. Wata da watanni maganar tana tsaye, Alheri tana ramewa.

Ita ce ta kawo dabarar. Ta zo hutun ƙarshen mako, ta buɗe wayarta ta nuna mana hotunan garin: rairayi, bishiyoyin kwakwa, da wani tsohon ginin Turawa da rabinsa ya rushe.

Ta ce, "Anti, mutane daga ko'ina suna zuwa kallon wurin nan. Ku ce hutu za ku je, kwana biyu ku dawo. Babu wanda zai san ku."

Yaya ya ce, "Hutu? Ni kin taɓa ganin na yi hutu?"

Amma ya yarda, da sharaɗin bakinta ƙanin ƙafarta, kada Edem ya ji. Ta ce ta ji. Aka zaɓe ni in raka shi saboda ina jin Turanci, kuma na yi ritaya daga koyarwa, babu mai nema na a wurin aiki.

Shirin gajeriyar tafiyar ya fi tafiyar kanta tsawo. Sai da muka je Kaduna neman takardar fita, muka sake komawa karɓa. Sai allurar shawara, wadda ake ba ka katin rawaya a kanta. Yaya, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaga ƙarfen dogo, da ya ga allura sai gumi ya karyo masa, har nas ɗin ta ba shi kujera da ruwa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na riƙe har muka dawo, yanzu ya ce in rubuta, ba komai.

Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba. Wata ta ce kada in sa jan zane a bakin teku, masu ruwa ba sa so. Wani dattijon coci ya kawo gora ya ce a ɗebo masa ruwan teku saboda ciwon gwiwa. Fasto ya yi mana addu'a a gaban jama'a, ya roƙa mana hutu mai albarka, Yaya yana sunkuye kamar wanda aka kama da akuyar wani. Ana gobe za mu tashi na same shi yana ɗaure buhun acca, da busasshiyar citta, da galan ɗin zuma.

Na ce, "Yaya, mai zuwa a ɓoye yana ɗaukar tsaraba?"

Ya ce, "Idan gidan kirki ne mu bayar. Idan ba haka ba mu dawo da abinmu."

Mun tashi da safe bayan an gama haƙar citta. Motar Abuja ta bi da mu ta Kwoi ta ɓulla Jere, inda taya ta yi faci muka sauka. Masu talla suka rufe mu kamar kullum. Na sayi soyayyiyar doya, Yaya ya zauna a kan buhunsa bai ci komai ba. A Abuja muka kwana wurin Alheri, ta yi ta kai da kawowa tana haɗa mana magunguna, ba ta yarda mun haɗa ido da ita sosai ba. A lokacin na ɗauka kunya ce.

Washegari muka shiga doguwar mota zuwa Legas. Kafin mu fita gari wani ya miƙe ya yi wa'azi mai kyau, ya sa muka rufe ido ya yi addu'a, da muka buɗe ido sai ga shi riƙe da maganin basir. A gadar Lokoja Yaya ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon kogin Kwara, sannan ya ce, "Idan wannan kogi ne, me tekun zai ƙara?" Wannan ce doguwar maganarsa ta ranar. A Legas ɗan wata 'yar zumuntarmu ya tarbe mu, ya bar mana ɗakinsa ya je ya kwana wurin abokinsa. Ban ga Legas ba, na ji ta dai: hon, janareto, da sauro masu ƙiba.

Iyakar Seme ita ce ta farko. Kowa ya sauka da kayansa, a duba takarda, a duba katin rawaya, a buga hatimi. A ɓangaren Benin wani jami'i ya sa aka kwance buhun Yaya. Ya ɗebi acca a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya yi mana tambaya da Faransanci. Na amsa da Turanci, Yaya ya amsa da Hausa, babu wanda ya ji wani. Can sai wani ɗan canji, Bahaushen Nijar, ya taso daga bencinsa.

Ya ce, "Baba, cewa yake wannan yashi ne ko abincin tsuntsu?"

Yaya ya ce, "Faɗa masa abincin mutane ne. Da shi aka yaye ni."

Ɗan canjin ya yi bayani mai tsawo, ina jin har da ƙari. Jami'in ya koma kan citta, ya gutsura ya tauna. Ban hana shi ba. Cittarmu ba irin tasu ba ce. Idonsa ya kawo ruwa, abokan aikinsa suka fashe da dariya, ya yi mana hannu mu wuce.

A Kwatano abin da ya fi ɗauke mini hankali 'yan achaba ne, duk da riga rawaya, sun fi na Kafanchan yawa nesa ba kusa ba. Ga mata da kwalliya da dogon takalmi suna tuƙa babur da kansu, babu mai waiwayar su. Burodinsu dogo ne siriri, da tauri a baya. Yaya ya sayi ɗaya ya ce idan bai ciwu ba zai dogara da shi.

Muna gab da shiga Togo muka fara ganin teku sosai. Direba ya ce ga shi can, muka juya. Ni abin da na fara lura da shi ƙarar ce, ba ta tsayawa, sai kuma ɗanɗanon gishiri a leɓe. Yaya ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

Ya ce, "Ina ɗaya gefen?"

Na ce babu wanda ake gani.

Ya ce, "To."

Togo ta wannan wajen siririya ce, kafin ka gyara zama an ce a sauko. A Aflao muka taka da ƙafa muka shiga Ghana, muka hau ƙaramar bas zuwa Keta. Hanyar tana da ban tsoro ga mutumin tudu. Teku a hagu, wani babban tafki a dama, garin yana kwance a tsakani kamar igiyar shanya. Wani wurin idan ka jefa dutse daga ruwan nan zai faɗa ruwan can. Duk da haka suna noma. A cikin rairayi tsantsa suke shuka ƙananan albasa, suna ɗebo ruwa daga 'yan rijiyoyi suna zubawa. Yaya ya ce wanda ya iya noma a nan ba rago ba ne, na ga ya ajiye wannan a ransa.

Masaukin da Alheri ta nemo mana ƙaramin gida ne na wani tsohon hedimasta, mai tsabta, da bishiyar kwakwa a tsakar gida. Muna ajiye kaya mutumin ya dube mu ya washe baki, ya ce da Turanci, "Ku ne surukan Abla daga Nijeriya? Tun jiya ake zuba ido."

Yaya ya ce, "Me ya ce?"

Na faɗa masa. Ya zauna a bakin gado a hankali. Na kira Alheri a waya.

Ta ce, "Anti, ni Edem kaɗai na faɗa wa. Na ji tsoro kada ku ɓata a hanya."

Edem kuma uwarsa kaɗai ya faɗa wa, wato Abla. Ita kuma ban san wa ta bari ba.

Yaya ya ce ko an sani ko ba a sani ba, binciken da ya kawo shi sai ya yi. Washegari Lahadi ce, ya ce mu je cocinsu da wuri mu ji bakin mutane. Muka isa muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe agogon Ghana yana bayan namu da awa guda, Yaya kuwa da agogon Kafanchan yake aiki, ya ƙi juya shi har muka dawo. Muna zaune a dakali wani dattijo ya zo da mabuɗi. Yaya ya ce ga dama ta samu, in tambaye shi gidan su Edem. Dattijon ya yabe su sama da ƙasa, ya ce ba a taɓa jin su da kowa ba. Da na tambaye shi yadda ya san su haka, ya ce ai shi ƙanen uban Edem ne. Muka gwada wata mata mai sayar da kifi a bakin hanya, ta zama 'yar gwaggon Edem. Daga nan na ce wa Yaya ni na gaji.

Sujadarsu ba ta yi nisa da tamu ba, sai dai rawa. Mu da ƙafa da ƙugu muke yi, su da kafaɗa da baya, kamar kaza tana fiffike, kowa da farin hankici a hannu. Faston ya sa muka miƙe aka tafa mana. Bayan an tashi wata gajeriyar mata mai ƙarfin jiki ta nufo mu, ta kama hannuna da hannu biyu.

Ta ce, "Sannunku da zuwa. Kun sha hanya. Ni ne uwan Edem."

Da Hausa ta faɗa. Yaya ya kusa yar da Littafi Mai Tsarki da ke hannunsa. Ashe ta yi shekaru tana kai busasshen kifi Kumasi, a Zango, unguwar Hausawa, take sauka, a can ta koya. Hausarta irin tamu ce, ba ruwanta da namiji ko mace, sai dai tana da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba. Tun daga nan aikina na tafinta ya ƙare.

Ta kai mu gida. Ƙaramin ginin bulo ne a wata sabuwar unguwa, an share ko'ina, dangi sun cika tsakar gida. Suna da wata al'ada da ta burge ni. Kafin kowa ya ce uffan sai an ba baƙo ruwa ya sha. Sannan a gaisa, daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Sannan babban gida ya tambayi baƙo abin da ya kawo shi, ko da kowa ya sani, sai ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a. Dattijon nan mai mabuɗin coci shi ya yi tambayar, Maman Edem ta juya mana.

Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Mun zo hutu."

Aka juya musu. Babu wanda ya yi dariya. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce sun ji, hutu abu ne mai kyau, amma ko akwai wani abu a bayan hutun? Yaya ya dube ni, na dubi bango.

Ya ce, "Mun zo ganin gida. Ɗanku yana neman 'yarmu."

Sai tsakar gidan ta ɗauki guɗa irin tasu. Aka kawo abinci: wani tuwon masara mai laushi da suke kira akple, da miyar kuɓewa cike da kifi da ƙaguwa. Tuwon ya yi mini. Yaya ya daɗe yana kallon ƙaguwar da ke kwanonsa, ita ma kamar tana kallonsa. Maman Edem ta fasa masa ita da hannunta ta nuna masa inda naman yake. Ya ci don kunya, daga baya na ga ya miƙa hannu ya ɗauki ta biyu.

Da aka kwashe kwanuka ya dubi bangon gidan ya ce, "Mama, kada ki ji haushi. Ginin nan sabo ne. Ni gidan uban yaron nake so in gani, inda aka haife shi, da inda kakanninsa suke kwance. Na tambaye shi a Kafanchan bai ba ni amsa ba."

Ta ce, "Na sani, ya faɗa mini. Gobe da safe, lokacin da ruwa ya ja baya, zan kai ku."

Da safe ta zo masauki ta ɗauke mu. Hanyar ta bi ta tsohon ginin da muka gani a wayar Alheri, ta ce mu fara shiga tunda mun ce hutu muka zo. Turawa ne suka gina shi tun zamanin cinikin bayi. Gefen da ke fuskantar teku ya zube, ruwa ya cinye shi, sauran bangon yana tsaye da kauri kamar na kurkuku. Mai kula da wurin ya shigar da mu wani ɗaki mai duhu, da 'yar taga can sama, ya ce a nan ake tara mutane kafin jirgi ya zo, wasu daga arewa mai nisa aka kawo su. Ya rufe ƙofar kaɗan don mu ji yadda yake. Ban ji daɗi ba, na ce ya buɗe. Yaya ya shafa bangon ya ce, "Kakanninmu da suka hau kan duwatsu suka ƙi saukowa, ashe abin da suke gudu ke nan." Muka fito.

Bayan ginin an jera manyan duwatsu a bakin ruwa don tare teku. Maman Edem ta tuɓe takalmi ta hau kansu kamar yarinya, muka bi ta da rarrafe. Da muka kai sama ta miƙa hannu cikin ruwa.

Ta ce, "Kun ga wancan baƙin abu da ruwa yake rufewa yana buɗewa? Bakin rijiyan gidanmu ne."

Muka duba. Akwai wani abu kamar zoben siminti can ciki, idan igiyar ruwa ta wuce sai ya leƙo.

Ta ci gaba da nunawa, hannunta yana tafiya a kan ruwa kamar mai nuna unguwa daga kan tudu. Nan ne gidan, bene ne, kakan Edem ya gina. Nan ɗakin da ta haifi Edem. Gaba kaɗan titi, bayan titi shagon wani tela, can kuma inda jiragen kamun kifi suke wucewa, maƙabarta ce.

Ta ce, "Ba rana ɗaya ya zo ba. Ya fara cin bayan gida, muka koma ɗakunan gaba. Ya ci kicin, muka dafa a waje. Mijina ya yi ta tara buhun yashi. Shekara da ya ci ɗakin kakan, muka kwashe kaya. Mijina bai daɗe ba bayan haka. Shi yana sabon maƙabarta, zan kai ku. Amma ubansa da uwarsa suna can." Ta sake nuna ruwan. "Edem ba ya son faɗa. Ya taɓa faɗa wa abokan aikinsa a Nijeriya gidansu yana cikin teku, suka yi ta kiransa ɗan ruwa."

Yaya ya cire hularsa. Ni ina ta lissafin yadda zan sauka daga duwatsun ba tare da na karye ba.

Sai ta juyo ta ce, "To, Baba, kun ga namu. Ni ma zan zo in ga naku. Ba zan karɓi yarinya a tashan mota ba. Ina gidan uban Alheri?"

A nan sai in yi bayani saboda wanda bai san mu sosai ba. Mu ba 'yan cikin Kafanchan ba ne. Ƙauyenmu yana bayan duwatsu, kuma yana cikin waɗanda aka ƙone a shekarun tashin hankali. A ranar Ishaku ya rasu. A bayan gidan muka binne shi da sauri, muka fito. Wasu sun koma daga baya sun sake gini. Yaya bai koma ba, ko sau ɗaya. Ɗaki biyu yake haya a bayan tashar jirgi, kuma a gidanmu ba a ta da maganar a gabansa.

Na buɗe baki in kawar da zancen, sai na ji ya amsa.

Ya ce, "Namu wuta ce ta ci."

Ya faɗa mata a taƙaice, yana kallon ruwa. Ban taɓa jin ya ba wani labarin ba. Ta saurara ba ta katse shi ba, ba ta kuma yi irin kukan da mata kan yi don a gani ba. Da ya gama ta ce, "Ƙasan yana nan?"

Ya ce, "Tana nan."

"Kabarin yana nan?"

"Yana nan."

Ta ce, "To kun fi mu. Naku ana iya taka shi da ƙafa. Bayan Ista zan zo."

Ba ta jira amsa ba ta fara sauka.

Sauran zaman babu wani abu mai yawa. Ta kai mu kabarin mijinta, Yaya ya yi addu'a. Aka buɗe tsaraba, na nuna wa matan gidan yadda ake wanke acca a fitar da yashi, suka ce wannan aiki ya fi cin abincin yawa. Ranar da za mu taso muka ga masunta a bakin ruwa sun yi layi suna jan taru da waƙa. Yaya ya naɗe wando ya kama igiya tare da su. Igiyar ruwa ta zo ta buge shi ya zauna daɓas, ta tafi da takalminsa ɗaya. Suka ɗaga shi suna dariya, suka ba shi kifi a matsayin rabonsa, don a wurinsu duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo. Da silifas ɗin hedimasta ya dawo Nijeriya. Gorar dattijon coci kuwa na cika ta, amma ta fashe a cikin jakata a Kwatano, har yau zannuwana suna warin kifi.

Da muka iso gida dangi suka taru a ɗakin Yaya, Alheri ta zo daga Abuja ta zauna a bakin ƙofa. Wani kawunmu ya ce, "To, Bitrus, ka ga gidan?"

Ya ce, "Na gani."

"Yaya yake?"

Ya ce, "Babban gida ne. A sa rana."

Alheri ta rufe fuska da gyale ta fita waje. Aka yi addu'a aka watse, kowa yana tambaya ta ko da gaske a Ghana ba a ɗauke wuta.

Bayan sati biyu, da sassafe, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Yana riƙe da adda da fartanya, 'ya'yansa maza biyu suna tsaye a bayansa da babura. Ya ce in sa takalmin gona. Ban tambaye shi ina za mu ba.

Ciyawa ta fi ni tsawo a tsakar gidanmu. Bangon ɗakuna yana tsaye, baƙi, babu rufi, wata bishiyar gwanda ta fito a tsakiyar ɗakin mahaifiyarmu har ta yi 'ya'ya. Maƙwabtan da suka koma suka fito suna kallonmu, sannan ɗaya bayan ɗaya suka shiga gida suka ɗauko addunansu. Kafin rana ta take mun buɗe hanya har bayan gida. Yaya ya share kabarin Ishaku da hannunsa, ya jera duwatsu a gefe, ya zauna a wurin. Muka bar shi.

Da ya taso sai na ga yana auna bangon ɗakin Ishaku da taku, yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar adda yana saurare. Ya kira babban ɗansa ya ce ya je ya tambayo kafinta kwano nawa ɗakin zai ci.

Na ce, "Yaya, dawowa za ka yi?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Amma matar nan za ta taso tun daga bakin teku. Ba za ta zauna a rana ba."